Bargon Ƙyalle: Maganin Hunturu Na Nan Zube A Gindin Keken Tela

Daga Wakilinmu, Kura

Duk wanda ya taɓa kwana a Kura, ko Bunkure, ko Kadawa a tsakanin watan Disamba da na Janairu, ba ya bukatar a ba shi labarin sanyi. Tun kafin a kira assalatu iskar hunturu take busowa daga arewa maso gabas, ta ratsa gonakin alkama da na tumatir, ta bi ta kan ruwan da ke kwance cikin magudanai, sa'an nan ta shigo gari ta kowace kafa. A irin wannan lokaci ne ma'aunin zafi a ƙasar Kano yakan sauka zuwa wajen digiri 13 da dare, wani lokaci ma ƙasa da haka. Manomi ya yi sammako zuwa ban-ruwa, 'yan ci-ranin da suka zo tsinkar tumatir suna takure cikin rumfunan kara, almajirai sun cure wuri ɗaya a zaure, a cikin gida kuwa yara uku ko huɗu suna ja-in-ja a kan mayafi guda.

Bargo mai kauri ya zama abin da magidanci mai iyali da yawa sai ya yi shiri kafin ya saya wa kowa nasa. Wanda bai samu ba yakan koma ga dabarar da aka saba, watau a shigar da kaskon garwashi cikin ɗaki a rufe ƙofa. Illar wannan kuwa sananniya ce. Kowace shekara jami'an kashe gobara suna jan kunnen jama'a game da wutar hunturu, ga kuma hayaƙin gawayi wanda ba a gani, ba a jin warinsa, amma yana iya hallaka mai barci a ɗakin da iska ba ta shiga.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, akwai wani bargo wanda kayan haɗinsa suna nan zube a gindin keken kowane tela, ana share su ana ƙonawa, ko a watsar a kwata su toshe hanyar ruwa. Shi ne bargon ƙyalle, wanda ake harhaɗa guntayen yadi a yi masa fuska, a sa masa ciki da shafi, a bi shi da ɗinki. Mai keken ɗinki a gida tana iya gama shi cikin 'yan kwanaki. Kuma idan aka duba tarihi, babu inda ya fi cancanta ya riƙi wannan aiki kamar ƙasar Kura.

RANI YA SAKE KAMA

Kafin a zo kan ɗinki, yana da kyau mai karatu ya san yadda rani ya sake kama a wannan yanki. A zamanin mulkin Gwamna Audu Bako aka fara gina madatsar ruwa ta Tiga cikin 1971, aka gama a 1974. Daga can ne ake sako ruwa ta babbar magudana zuwa filayen Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda aka tsara kashinsa na farko zai ci hekta 22,000. An fara gwajin aikin a Kadawa, daga baya Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ta karɓi ragamarsa. Filayen sun bazu a ƙananan hukumomin Kura, da Bunkure, da Garun Malam.

A da, idan aka kawar da amfanin damina, rani lokacin sana'ar hannu ne da tafiya ci-rani. Masaƙi ya koma kan masaƙarsa, marini ya koma karofi. Da ruwa ya zo sai rani ya zama lokacin noma sosai, har ma baƙi suke zuwa neman aiki a inda a da ake barin gida a tafi nema. Alkama kuma, wadda ake shukawa a cikin watan Nuwamba, ba ta yin kyau sai da sanyi. Ashe ke nan sanyin da manomin Kura yake fata domin gonarsa, shi ne kuma yake hana 'ya'yansa barci. Tun da ba za a roƙi hunturu ya tafi ba, abin da ya rage shi ne a shirya masa.

GADON DA MUKE DA SHI

Wani zai ce ai harhaɗa ƙyalle a yi bargo al'adar Turawa ce da ake gani a littattafai. To, aikin ya tsaya ne a kan dabaru guda biyu, kuma dukkansu tsofaffi ne a ƙasar Kano.

Dabara ta farko ita ce haɗa ƙananan yadi su zama babba. Masaƙar maza ta ƙasar Hausa ba ta fitar da yadi mai faɗi, sai dai doguwar ƙwarya siririya wadda tilas a jera ta a ɗinke gefe da gefe kafin a sami zane, ko riga, ko gwado, ko luru. Kura kuwa ta yi suna wajen mafi sirantar wannan aiki, watau turkuɗi, wanda faɗin ƙwaryarsa ba ya kai inci ɗaya. Akan haɗa ƙwarya masu yawan gaske, a rina su da baba har su yi baƙi, a kai mabuga a buge su da shuni sai sun yi ƙyalli. Wannan shi ne asalin rawanin da ake kira ɗan Kura, wanda sarakuna suke naɗawa, Buzaye kuma suke saye a kai Agadas da cikin hamada. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya bayyana cewa saƙa da rini su ne ginshiƙin cinikin birnin. Haka kuma marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya yi binciken digirinsa na 1975 a kan yadda rinannen tufafin ƙasar Kano ya zama hajar fitarwa a ƙarni na 19. Saboda haka hannun da ya iya jera ƙwaryar da ba ta kai inci ba ya ɗinke ta ba karkata, jera ƙyalle mai faɗin inci biyar ba zai gagare shi ba.

Dabara ta biyu ita ce cusa auduga tsakanin yadi biyu a bi ta da ɗinki don kada ta gusa. Wannan shi ne lifidi, rigar kariyar doki da mahayinsa. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke cikin yaƙin Kano. Har yau duk wanda ya je kallon hawan salla yana ganin 'yan lifida, dawakinsu lulluɓe da wannan kaya mai kauri, sau da yawa an ƙawata shi da guntayen yadi ja da fari da shuɗi. Abin da ya tare kibiya shekaru ɗari shida da suka wuce, tare iskar hunturu ba zai yi masa wuya ba.

Dalilin da ya sa irin wannan haɗi yake da ɗumi ba ɓoyayye ba ne. Ba yadin ne yake kawo zafi ba, jikin mutum ne. Aikin bargo shi ne ya tsare iska a tsakanin rufinsa, ita kuma iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗauke zafi. Shi ya sa zannuwa uku marasa kauri da aka ɗinke wuri ɗaya sukan fi yadi guda mai nauyi riƙe ɗumi.

YADDA WASU SUKA YI

Ba mu kaɗai talauci da sanyi suka taɓa koya wa dabara ba. A yankin Bengal, wanda ya haɗa Bangaladash da gabashin Indiya, mata sun daɗe suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ɗinkin hannu, su fitar da mayafin da suke kira kanta. A Amurka kuma akwai wani ƙauye mai suna Gee's Bend a jihar Alabama, wanda mazaunansa baƙaƙen fata ne, jikokin bayin da suka yi noman auduga a wurin. Gidajensu na katako ne, sanyi yana shiga ta ko'ina, sai matan suka riƙa yanka tsofaffin kayan aikin mazajensu da buhunan yadi suna haɗa barguna. A 1966 matan wannan yanki suka kafa ƙungiyar gama kai mai suna Freedom Quilting Bee, suka fara sayar wa manyan kantuna. A 2002 aka baje kolin bargunan Gee's Bend a gidajen adana kayan fasaha na biranen Houston da New York, a 2006 kuwa hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunan guda goma a kan kan-sarki. Abin lura a nan shi ne, matan ba su fara domin ado ko suna ba. Sun fara ne don 'ya'yansu su yi barci.

KAYAN AIKI

Keken ɗinki ba baƙo ba ne a gidajenmu. A shekarar da Barth ya shigo Kano, 1851, a ita ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa a Amurka, yau kuwa da wuya a sami unguwa a Kura ko Bunkure da babu Singer ko Butterfly a cikinta, na ƙafa ko na hannu. Wannan keke ya wadatar, kuma ba ruwansa da ɗaukewar wutar lantarki. Ban da shi, ana bukatar almakashi mai kaifi, da tef na awo, da alli, da kwali mai ƙarfi wanda za a yanka ya zama ma'auni, da dutsen guga, da zare mai ƙwari. Allura mai lamba 14 ta isa haɗa fuska, amma idan an zo ratsa rufi uku sai a sauya zuwa lamba 16.

Bargon yana da rufi uku. Na sama shi ne fuska, wadda ake haɗawa da ƙyallaye. Na tsakiya shi ne ciki, ana iya yin sa da tsohon bargon da ya sirance, ko tsohon zanen gado, ko zannuwa biyu da suka ƙoɗe, ko auduga da aka shimfiɗa bai ɗaya. Na ƙasa shi ne shafi. Zanen mace yakan kai yadi biyu a tsawo, da wajen inci 45 a faɗi, don haka idan aka haɗa tsofaffin zannuwa biyu ta dogon gefensu, sun isa shafin bargon babban mutum har da rara.

Wajen zaɓen ƙyalle akwai abin kula. A ware masu kauri ɗaya wuri ɗaya: atamfa da atamfa, shadda da shadda, kaki da kaki. Leshi, da yadi mai santsi, da mai talewa kamar roba ba su dace ba, domin suna jan ɗinki ya karkace. A fi son yadin auduga, saboda na roba yana narkewa ya manne a fata idan ya taɓa wuta. Sa'an nan a wanke kome kafin a yanka, kowane launi dabam, don wanda zai zuba ya zuba, wanda zai tsuke ya tsuke tun yanzu. A nan ya kamata mutanen Kura su yi hattara da abin alfaharinsu: yadin da aka buge da shuni ba na wanki ba ne, kuma yana barin launi a jiki da duk abin da ya goga, saboda haka ba shi da wuri a cikin bargo. Audugar rimi ma, ko da yake tana da sauƙin nauyi kuma da ita akan cusa matashin kai, tana saurin kama wuta ƙwarai, tana kuma dunƙulewa idan an wanke. Gara a bar ta.

HANYA TA FARKO: MURABBA'I

A yanka kwali mai inci 7 tsawo, inci 7 faɗi. A riƙa ɗora shi a bayan ƙyalle ana zagayawa da alli ana yankewa. Za a ci rabin inci a kowane gefe wajen ɗinki, don haka kowane murabba'i zai koma inci 6. Bargon babban mutum yana bukatar guda 130, watau 10 a jere sau 13, abin da zai ba da ƙafa 5 a faɗi da ƙafa 6 da rabi a tsawo. Na yaro kuwa guda 48 sun isa, 6 a jere sau 8, ya fito yadi ɗaya a faɗi da ƙafa 4 a tsawo. Mai koyo ya fara da na yaro.

Kafin a hau keke, a shimfiɗa tabarma a jera su duka a ƙasa, mai duhu kusa da mai haske, a duba daga nesa, a sassauya har ido ya gamsu. Daga nan a ɗauki jere na farko, a haɗa biyu fuska da fuska a ɗinke, a buɗe, a ƙara na uku, har a kai ƙarshen jeren. Idan an gama jeruna duka, a goge bayansu, a kwantar da haɓar jere na farko zuwa dama, ta na biyu zuwa hagu, haka har ƙarshe. Wannan yana hana mahaɗa yin tudun da ke karya allura. Sa'an nan a haɗa jere da jere. Sirrin aikin duka yana ga rabin incin nan: idan ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe, kusurwoyi za su haɗu da kansu. Mai dabara takan manna ɗan tef a kan farantin keke a daidai rabin inci daga allura, ta riƙa bin sa.

Da fuska ta kammala, sai a shimfiɗa ciki a ƙasa, a ɗora shafi a kansa fuskarsa tana kallon sama, sa'an nan a kifa fuskar bargon a kan shafin. A daidaita, a kama da fil, a ɗinke gefe huɗu, amma a bar kafa kamar ƙafa ɗaya a gefe guda. A rage kusurwoyi da almakashi, a zura hannu tsakanin fuska da shafi a juyo bargon ta wannan kafa kamar yadda ake juya rigar matashi, sai ciki ya koma tsakiya. A kalmashe bakin kafar a rufe. Abin da ya rage shi ne bin sa da ɗinki don rufin uku su zama ɗaya. A fara kama shi da manyan ɗinkin hannu waɗanda za a zare daga baya, a tsawaita takun keke, a faro daga tsakiya ana yin waje, ana bin layin mahaɗa. Idan auduga ce a ciki, kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin tafin hannu, in ba haka ba wankin farko zai tara ta gefe guda.

HANYA TA BIYU: JERIN ƘWARYA

Wannan ta fi sauri, ta kuma fi kusa da aikin kakanninmu, domin ba ta bukatar ƙyallaye su zama tsawo ɗaya. A yanka su duka faɗin inci 5, kowane da tsawon da ya samu, a riƙa haɗa su kai da kai har a sami doguwar ƙwarya mai inci 80. Guda 15 irin wannan za su ba da faɗin ƙafa 5.

A shimfiɗa shafi a kife, a ɗora ciki a kansa, a kama su da fil. A kwantar da ƙwarya ta farko a tsakiya fuskarta sama, a kifa ta biyu a kanta, a ɗinke dogon gefe guda ana ratsa ciki da shafi gaba ɗaya. A buɗe ta biyun, a goge, a kifa ta uku a kanta, a sake ɗinkewa. Idan an kai bakin dama, sai a juya bargon a cike ɓangaren hagu. Da haka haɗa fuska da riƙe ciki suke tafiya lokaci ɗaya, ba sai an koma an bi shi da wani ɗinki ba. A ƙarshe a daidaita gefuna da almakashi, amma a bar shafi ya zarce da inci ɗaya da rabi, a naɗo shi sama a kalmashe, ya zama baki. Ɓangaren da ba a aiki a kansa a nannaɗe shi kamar tabarma don ya wuce ta ƙarƙashin hannun keke.

KEKEN WIBIN

Akwai kuma keken daje baki, wanda teloli suke kira keken wibin. Wani kamfanin Amurka mai suna Merrow ne ya fara fito da irinsa a ƙarshen ƙarni na 19. Yana aiki da zare uku ko huɗu, yana kuma da wuƙa wadda take yanke bakin yadi yayin da zaren yake naɗe shi, ta yadda ba zai zare ba. Wajen haɗa ƙyallaye kai da kai, ko jere da jere, yana da sauri ƙwarai, kuma ɗinkinsa yana jure wanki. Idan na zare huɗu ne ya fi, domin na uku bai kai shi riƙo ba. Sai dai a tuna cewa abin da yake ci a gefe bai kai rabin inci ba, don haka bargon zai ɗan fi lissafin da muka bayar girma.

Amma yana da iyaka. Saboda wuƙar nan, ba ya ɗinki a tsakiyar yadi sai a baki, ke nan ba zai iya bin bargo da layukan da ke riƙe ciki ba. Yawancinsa kuma da lantarki yake aiki, kuma fil ɗaya da aka manta yana iya lalata wuƙarsa. Don haka wadda ba ta da shi kada ta ce ba za ta fara ba. In ta so, ta aika da fuskar wurin mai wibin a daje mata, ta ƙarasa sauran a gida. Mayafin da ba shi da ciki, irin na ƙarshen sanyi, shi kam ana iya gama shi duka a kan keken wibin: fuska da shafi kawai, a daje gefe huɗu.

ABIN DA KE CIKINSA

Lokaci ya wuce da za mu dogara ga masaƙun gida su rufe mu. Masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, kuma yawancin masaƙun da suka cika Bompai, da Sharaɗa, da Challawa sun bi sahunta. Kaso mai yawa na yadin da ake gani a Kantin Kwari daga waje yake zuwa, haka ma barguna, sababbi da na gwanjo. Ma'anar wannan ita ce, kaso mai yawa na ƙyallen da tela ya share kuɗin ƙasar waje aka sa aka sayo shi. Ƙona shi ɓarna ce sau biyu, ga asarar dukiya, ga hayaƙi.

Ba mu ce ƙyalle kyauta yake a ko'ina ba, domin masu cusa matashi da katifa ma suna nemansa. Amma a lokacin ɗinkin salla yakan yi yawa har ya rasa mai ɗauka, kuma magana mai daɗi da tela maƙwabci tana iya cika buhu. Wadda ta tara na salla ƙarama da babba, ta wanke ta adana, za ta tarar da hunturu da kayan barguna biyu ko uku a hannu. Da yayyafi kogi kan cika.

Kasuwarsa ma ba a nesa take ba. Ɗaliban makarantun kwana duk ana bukatar su zo da abin rufa. 'Yan ci-rani suna shigowa wannan yanki kowace shekara. Masu gadi, da direbobin da ke kwana a Kwanar Gafan suna jiran lodin tumatir, da masu jego da ke neman shimfiɗar jariri, duk masu saye ne idan aikin ya yi tsabta kuma farashin bai kai na kanti ba. Matar da ke cikin gida tana iya yin sa tsakanin girki da girki, ba tare da ta fita ko'ina ba. Mai hali kuma da ke neman sadaka mai amfani, ya sa a ɗinka goma ya kai makarantar allo ta unguwarsu.

Akwai abin da zai iya kawo cikas, kuma gara a faɗe shi. Wasu za su ga rufa da haɗe-haɗen ƙyalle kamar tallar talauci ne. Maganin wannan yana ga kyan aiki. Bargon da aka zaɓi launinsa da hankali, layinsa ya miƙe, bakinsa ya kalmasu, babu mai ganinsa a kan gado ya kira shi tsumma. Wanda aka yi da gaggawa da ƙazanta shi ne zai ɓata sunan sauran.

KIRA GA HUKUMA DA ƊALIBAI

Jihar Kano tana da Hukumar Ba da Ilimin Manya tun 1980, kuma koyar da ɗinki yana cikin abin da aka saba yi a azuzuwan mata. Ƙara wannan darasi ba ya bukatar sabon gini ko sabon keke, sai malama guda da ta iya, da buhun ƙyalle. Ya kamata sassan kula da jin daɗin jama'a na ƙananan hukumomin Kura, da Bunkure, da Garun Malam su duba yadda za su haɗa ƙungiyoyin teloli da na mata, domin abin da wancan yake zubarwa ya isa hannun wadda take bukata. Malaman koyar da tattalin gida a makarantun sakandare su ma suna iya sa bargon yaro ya zama aikin zango, tun da a cikinsa akwai awo, da lissafi, da tsari.

Ga ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, da ɗalibin da zai dawo hutu, shawararmu ita ce kada a jira sai iska ta fara kaɗawa. A buɗe akwati a fito da zannuwan da aka daina ɗaurawa, a leƙa wurin tela, a yanka kwali mai inci 7, a fara da guda 48. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Idan yaro ɗaya ya kwana da ɗumi a bana ba tare da an shigar da garwashi ɗakinsa ba, aikin ya biya. Allah ya kai mu hunturu lafiya, ya kuma fitar da mu lafiya.